Ƙaurar Baƙaƙe Masu Lanƙwasa: Daga Maɗaba'ar Zariya Zuwa Harshen Python

1.0 Gabatarwa

Shekarar 1991 shekara ce da ɗalibin tarihin Nijeriya ba ya mantawa da ita, domin a ranar 12 ga watan Disamba na wannan shekara ne fadar Gwamnatin Tarayya ta tashi daga Ikko ta tare a Abuja, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Badamasi Babangida. Abin da ba kasafai ake tunawa da shi ba shi ne, a cikin wannan shekara ce kuma aka yi waɗansu haihuwa guda biyu a ƙasashen ƙetare waɗanda suka shafi makomar rubutun Hausa. A watan Fabrairu wani masani mai suna Guido van Rossum, wanda ke aiki a wata cibiyar bincike a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, ya fito da harshen umartar kwamfuta da ya raɗa wa suna Python. A watan Oktoba kuma aka buga kundin farko na Unicode, wato rajistar da ta ɗauki alkawarin ba kowane baƙi na kowane harshe a duniya lambarsa ta kansa.

Wannan maƙala za ta bi sawun baƙaƙenmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, tare da ƴ ta 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar, tun daga ranar da suka shiga maɗaba'a har zuwa lokacin da masu harshen Python suka yi tasu ƙaurar daga tsohon gida zuwa sabo. Dalilinmu na yin haka shi ne, duk wanda ya san bambancin da ke tsakanin fada da faɗa, ko baki da baƙi, ko kasa da ƙasa, ya san cewa wannan 'yar lanƙwasa ita ke riƙe da ma'ana. In ta faɗi a hanya, magana ta sauya.

2.0 Asalin Baƙaƙen

Kafin zuwan Turawa malamanmu da ajami suke rubuta Hausa. Da shi aka adana waƙoƙin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Nana Asma'u, inda marubuta suka riƙa aron baƙin Larabcin da ya fi kusa da sautin da suke nufi. Da mulkin mallaka ya kafu, sai hukuma ta zaɓi rubutun boko. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. To amma baƙaƙen Rumawa ba su da gurbin sautukanmu masu hamza. Saboda haka aka daɗe ana lalube, wasu na ɗiga ɗigo a ƙarƙashin baƙi, wasu kuma na rataya masa waƙafi a gefe.

A shekarun 1930 ne al'amarin ya daidaita, lokacin da Dakta Rupert East yake shugabancin Hukumar Talifi a Zariya. Shi ya tsaya a kan a karɓi baƙaƙe masu lanƙwasa irin waɗanda Cibiyar Nazarin Harsuna da Al'adun Afirka ta Landan ta ba da shawarar amfani da su, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Diedrich Westermann. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939 da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, tana cikin abubuwan da suka kai wannan rubutu lunguna da saƙo na ƙasar Hausa. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, duk sun sake duba ƙa'idojin, amma babu wanda ya taɓa lanƙwasar nan. Bambancin da ya rage shi ne Nijeriya na rubuta 'ya'ya da hamza, Nijar kuwa na rubuta ƴaƴa.

3.0 Zamanin Keken Rubutu

A maɗaba'a matsalar ba ta da yawa, domin da zarar an zubo baƙin da dalma an gama. A ofis ne wahalar take. Keken rubutun da ake shigowa da shi don Ingilishi aka ƙera shi, saboda haka mai buga tafireta sai ya buga b da d da k, in ya zare takarda ya bi su ɗaya bayan ɗaya da alƙalami yana ɗora musu ƙugiya. Wanda ya duba tsofaffin kundayen digiri a ɗakunan karatu na jami'o'inmu zai ga wannan aikin haƙuri a kowane shafi. Ranar da mai bugu ya gaji kuwa, sai a bar mai karatu ya yi ta cinke.

A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta yi yunƙurin magance wannan ciwo. Ta tsara jerin baƙaƙe 33 waɗanda za su wadaci manyan harsunan Nijeriya gaba ɗaya, da taimakon masana irin su Farfesa Kay Williamson ta Jami'ar Fatakwal, aka kuma sa hannun shahararren mai zanen haruffa na ƙasar Jamus, Hermann Zapf, wajen fitar da siffarsu. A 1988 aka narkar da cibiyar cikin Majalisar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Sheda a Yankin Babban Birnin Tarayya. Sai dai kafin wannan aiki ya gama kankama, keken rubutu kansa ya fara ba kwamfuta wuri.

4.0 Shigowar Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Ya kamata mu fahimci cewa kwamfuta ba ta san baƙi ba, lamba kawai ta sani. Ma'aunin da take awo da shi ana kiran sa bayit, kuma kada a rikita shi da baitin waƙa. Kowane bayit lamba ɗaya yake ɗauka, daga 0 zuwa 255. A 1963 aka fito da wata yarjejeniya a Amurka mai suna ASCII, wadda ta raba lambobi 128 tsakanin baƙaƙen Ingilishi da alƙaluman lissafi da alamomin rubutu. A cikinta babbar A ita ce 65, ƙaramar k kuma 107. Daga baya Turawan Yamma suka cike sauran guraben 128 da haruffan Faransanci da Jamusanci da makamantansu. Ko a rabon farko ko a na biyu, ba a tuna da ƙ ba.

Masu iya magana sun ce in ba ƙira, me ya ci gawayi? Masananmu ba su naɗe hannu ba. A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro zubin haruffa mai ɗauke da baƙaƙe masu lanƙwasa, kuma wanda ake kira Rabi'at ya yaɗu ƙwarai a wuraren buga takardu. Wannan ya zo daidai da lokacin da littattafan adabin kasuwar Kano ke fitowa kamar ruwan sama, ya kuma fitar da marubuta da ɗalibai daga ƙangin bin shafi da alƙalami.

Dabarar irin waɗannan zubi ita ce aron gurbi. Sai a nemi alamar da Bahaushe bai cika bukata ba, a sauya mata riga. Mai rubutu ya danna maɓallin wata baka, allo ya nuna masa ƙ, takarda ma ta fito da ƙ. To amma a cikin cikin na'urar, lambar da aka adana ta bakar ce. Muddin zubin yana nan asiri a rufe yake. Da zarar an kai rubutun wata na'urar da ba ta da shi, ko aka ɗora shi a intanet, sai rigar ta zame. Wannan ne ya sa har yau mukan ci karo da Hausar da ke cewa }asa da ]aya da ~angare, alhali ƙasa da ɗaya da ɓangare marubucin ya rubuta.

5.0 Rajistar Unicode

Unicode ta zo da shawarar raba abu biyu da aka daɗe ana cakuɗawa: baƙi daban, yadda ake adana shi daban. A rajistarta ƙaramar ƙ ita ce 409, babbar kuma 408. Ƙaramar ɓ ita ce 595, ƙaramar ɗ 599, manyansu kuma 385 da 394. Duk waɗannan lambobi sun zarce 255, ke nan babu wanda zai shiga bayit ɗaya. A watan Satumba na 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara hanyar ɗaure kayan da ake kira UTF-8, wadda ta bar baƙaƙen ASCII a bayit ɗaiɗai kamar da, ta ba sauran bayit biyu ko uku ko huɗu. A wannan tsari ƙ bayit biyu ce, 198 da 153. Ita kuwa ɗ, 201 da 151.

Daga nan wata sabuwar ɓarna ta ɓullo. Idan aka ɗaure rubutu da UTF-8, sa'an nan wata manhaja ta kwance shi da tsohon lissafin Turawan Yamma na Windows, sai ta ɗauki kowane bayit a matsayin baƙi mai zaman kansa. Lamba 198 ta zama Æ, 153 ta zama ™, ƙasa ta koma Æ™asa. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan shirme a shafin labarai, to ya ga kayan da aka ɗaure da wata igiya aka kwance da wata.

6.0 Tsohon Gida: Python Na Biyu

Sunan Python daga wani shirin barkwanci na talabijin ɗin Ingila mai shi ya aro shi, ba daga mesa ba. Harshen ya sami karɓuwa saboda sauƙin karantawa, har ya zama abin koyarwa a jami'o'i da abin aiki a ma'aikatu. A wurin masu wannan sana'a, jerin baƙaƙe kamar suna ko jimla ana ɗaukar sa tamkar zare ne da aka shirya wa duwatsu, irin na carbi. A Python na farko kowane dutse bayit ne. Da Python 2.0 ya fito a watan Oktoba na 2000, sai aka ƙara wani zare na biyu mai ɗaukar baƙaƙen Unicode, wanda ake gane shi da harafin u a gaban alamar zance. Tsohon zaren kuwa aka bar shi a matsayin na yau da kullum.

Bari mu ga abin da wannan ya haifar wa Hausa. In aka ba tsohon zaren kalmar ƙoƙari aka tambaye shi tsawonta, 8 zai ce, alhali baƙaƙe da wasulanta 6 ne, domin kowace ƙ ya ƙirga ta sau biyu. In aka umarce shi ya mayar da ƙasa manyan baƙaƙe, sai ya ba da ƙASA, ya tsallake wadda bai gane ba. In kuma aka ce ya yanko harafin farko na suna Ɗanladi don a taƙaita shi, sai ya tsaga Ɗ gida biyu ya miƙo rabi, rabin da ba ya karantuwa a kowane harshe.

Mafi muni shi ne abin da ke faruwa idan zarurrukan biyu suka haɗu. Python na biyu yakan yi ƙoƙarin sasanta su a ɓoye, yana zaton duk bayit ɗin ASCII ne. Mai rubuta manhaja a Kalifoniya zai gwada aikinsa da sunayen Ingilishi ya ga komai lafiya lau, ya sallame shi. Manhajar za ta yi wata da watanni tana aiki, har ranar da wani Ɗanjuma ko wata Bilƙisu suka zo rajista. Da ta ci karo da lambar da ta wuce 127, sai ta tsaya cik. A irin wannan hali akawu ba ya zargin na'ura. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya cire lanƙwasar, mai suna ya tafi da sunan da ba nasa ba.

7.0 Tashi Zuwa Sabon Gida

A ranar 3 ga Disamba na 2008 aka fito da Python 3.0, kuma gyaran zaren rubutu shi ne ƙashin bayan sauyin. Aka mayar da zaren Unicode ya zama na yau da kullum, aka ware bayit a nasa ɓangare, aka kuma hana sasancin ɓoye. Wanda ya nemi haɗa rubutu da bayit, nan take harshen zai ƙi, ko da kuwa babu baƙon harafi a ciki. Ta haka kuskuren da a da yake jira sai Ɗanjuma ya zo, yanzu a gaban mai rubuta manhajar yake bayyana tun ranar farko. A sabon gida ƙoƙari 6 ce, ƙasa kuma tana zama ƘASA. Har ma an yarda mai manhaja ya raɗa wa abubuwan da ke cikin aikinsa suna da baƙaƙe masu lanƙwasa.

Sai dai tashi ba ya da sauƙi, kamar yadda mutanen Abuja suka sani. Dokar kafa sabon birnin tun ranar 3 ga Fabrairu na 1976 Janar Murtala Ramat Muhammed ya bayyana ta, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, amma sai da aka shekara 15 kafin fadar gwamnati ta tare, kuma ma'aikatu sun daɗe suna da ƙafa ɗaya a Ikko ɗaya a Abuja. Haka ta faru ga Python. Manhajar da aka rubuta da tsohon harshe ba ta tafiya a sabo sai an bi ta layi layi. An tanadi wata na'urar fassara mai suna 2to3, wadda ke gyara abubuwan da suke a fili. Amma ba ta iya sanin niyyar marubuci: wannan zaren, suna ne ko hoto? Jimla ce ko saƙon da za a tura ta waya? Wannan hukunci sai mutum.

Saboda haka mutane da yawa suka ƙi motsawa. Wasu suka riƙa rubuta manhajar da za ta yi aiki a gidajen biyu, da taimakon wani kayan aiki da aka kira six, domin 2 sau 3 shida ne. Masu harshen ma sai da suka sassauta. A 2012 suka dawo da harafin u a fitowa ta 3.3 don rage wa masu ƙaura wahala. Wa'adin rufe tsohon gida da aka sa a 2015 aka ɗaga shi zuwa ranar 1 ga Janairu na 2020, kuma fitowa ta ƙarshe, wato 2.7.18, ta zo a watan Afrilu na wannan shekara. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Darasin da masu sana'ar suka fitar daga wannan gwagwarmaya bai wuce uku ba. Na farko, a kwance bayit ya zama rubutu tun daga bakin ƙofa, a yi dukkan aiki da rubutu, sai za a fita a sake ɗaurewa. Na biyu, a ambaci igiyar ɗaurin da sunanta, domin shekara da shekaru Python na uku a kan Windows yana bin tsohon lissafin na'urar ne in ba a ce masa UTF-8 ba, kuma wannan lissafi ba shi da ƙ. Na uku, a gwada manhaja da kalmomin da za ta haɗu da su a zahiri. A wurinmu wannan yana nufin a gwada ta da ɓarawo da ɗalibi da ƙauye.

8.0 Kayan Da Aka Bari A Baya

Kada mu ɗauka cewa da wannan ƙaura bukatar Hausa ta biya. Akwai sauran rina a kaba. Da farko, jerantawa. A abacadarmu ɓ na bin b, ɗ na bin d, ƙ na bin k. Python kuwa, in ba a koya masa ba, da lamba yake jerawa, saboda haka sai ya kai su duka bayan z, ya kuma sa ƙ gaban ɓ tun da 409 ba ta kai 595 ba. Mai shirya ƙamus ko jerin sunayen ɗalibai dole ya ba shi tsarin Hausa.

Na biyu, hamza. Umarnin da ke ɗaga harafin farko na kowace kalma yana ɗaukar hamza a matsayin iyakar kalma, sai jama'a ta koma Jama'A, 'ya'ya kuma 'Ya'Ya. Bugu da ƙari, alamomi uku ne masu kama da juna ake rubuta hamzar da su, kowace da lambarta. Mai neman kalmar sana'a a cikin taska zai iya samun kashi ɗaya ya rasa biyu ba tare da ya sani ba.

Na uku, kuma mafi nauyi, tsofaffin rubuce-rubucen da aka yi da aron gurbi. A idon Python na uku }asa kalma ce lafiyayya, domin duk alamominta halattattu ne. Babu ƙarar da zai yi. Sai an zauna an rubuta jadawalin musaya, a ce wannan baka ƙ ce, waccan ɗ ce, sa'an nan a bi a hankali don kada a mayar da bakar gaskiya ta zama baƙi. Littattafai da kundaye da mujallu masu yawa na wancan zamani suna kwance a tsofaffin faya-fayai cikin wannan hali, kuma faifai ba ya jiran kowa. Ajami ma yana nan yana bin layi, domin sai a 2020 Unicode ta shigar da waɗansu baƙaƙen da rubutun Hausa na ajami ke bukata.

9.0 Kammalawa

Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. A wannan zamani, babu tanadin da zai cika in na'urar da ke adana bayanan majalisa ba ta bambanta kafa da ƙafa. Hukumomin da wannan nauyi ya rataya a wuyansu maƙwabtanmu ne a nan Abuja: Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa da aka kafa a 2001, da Hukumar Katin Shaidar Ɗan Ƙasa ta 2007 wadda ke riƙe da sunayen miliyoyin mutane, da majalisar nan ta Sheda da ta gaji aikin Cibiyar Harsuna, da Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa.

Mu ma ɗalibai da malaman Hausa muna da namu kason. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, a kowane zango mutum ne ya tsaya wa lanƙwasar: editan Zariya, da mai tafiretar da ke bin shafi da alƙalami, da malamin Kano da ya zana zubin haruffa. A yau wayar da ke aljihunmu tana iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ, saboda haka uzurin da magabata suke da shi mu ba mu da shi. Ya kamata mu riƙa rubuta su a saƙo da jarrabawa da kundi. Ya kamata kuma sassan Hausa su haɗa kai da sassan ilimin kwamfuta, a tattaro tsofaffin faya-fayan da ke cikin akwatunan marubuta da wuraren buga takardu, a juye su zuwa Unicode tun waɗanda suka buga su suna raye, suna kuma iya gaya mana abin da kowace alama take nufi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta. Allah Ya ba mu ikon yi.